Ciwon kunne a jikin ƙananan yara: ƙwayoyin cutar da ke kawo shi da abin da allurar rigakafi ke karewa

Zuwa ga iyaye da masu riƙon yara da suka samu mafaka a Aboabo, Asawase, Sawaba, Akorem, Adukrom, Sepe da sauran unguwannin Asokore Mampong.

Ciwon kunne yana cikin cututtukan da suka fi sa a kai ƙananan yara asibiti a ko'ina a duniya. Yawancin yara sukan yi shi ko sau ɗaya kafin su cika shekara 3, kuma ya fi kama su daga wata 6 zuwa shekara 2. Yawansa ne ma ya sa ake raina shi. In kunnen yaro ya fara ruwa sai a ce haƙori yake fitarwa, ko ruwan wanka ne ya shiga, ko nono ne ya zuba masa a kunne wajen shayarwa. A goge, a bar shi. To amma ruwan nan mugunya ce. Ƙwayoyin cuta ne suka tara ta, kuma ba ta samun hanyar fitowa sai ta huda tantanin da yaro yake ji da shi. Ɗaya daga cikin ƙwayoyin nan ita ce kuma take kawo namoniya da sanƙarau. Akwai allurar rigakafinta a nan Gana, kyauta ce, kuma yaronku yana da haƙƙi a kanta kamar kowane yaro da aka haifa a Kumasi, ko da katinsa ya ɓace a hanya.

Inda ciwon yake zama

In kuka leƙa kunnen yaro, rami kawai za ku gani. Can ƙarshen ramin akwai wani siririn tantani da ya rufe shi ruf, kamar fatar da aka ɗaure a bakin kalangu. Shi ne dodon kunne. Bayansa akwai ɗan ɗaki mai iska, da ƙananan ƙasusuwa uku da suke miƙa sauti zuwa ciki. In sauti ya bugi tantanin sai ya kaɗa, ƙasusuwan su motsa, yaro ya ji. Wannan ɗaki shi likitoci suke kira tsakiyar kunne, kuma a nan ciwon da muke magana a kai yake zama.

Ɗakin yana da mafita guda ɗaya: wata siririyar hanya da ta sauka zuwa bayan hanci, a saman maƙogwaro. Ta nan iska take shiga, ta nan ruwan da ya taru yake tsiyayewa. A jikin babba hanyar tana da tsawo kuma tana da gangare. A jikin jariri gajeriya ce, matsattsiya, kusan a kwance take. Duk wanda ya zauna kusa da kwatar da ba ta da gangare ya san abin da ke faruwa bayan ruwan sama: ruwa ya tsaya, ya fara wari. Haka kunnen yaro yake yi in mura ta kama shi. Murar takan kumbura cikin hanci, hanyar ta toshe, ruwa ya taru a bayan tantanin, sai ƙwayoyin cutar da dama suke zaune a bayan hanci su hau su hayayyafa a ciki. Mugunya ta cika ɗakin, ta tura tantanin, shi ne zogin da yake tashin yaro da kuka da tsakar dare. In matsin ya yi yawa sai tantanin ya fashe, mugunya ta fito, zogin ya lafa, yaro ya yi barci. Iyaye da yawa a nan suke ɗauka ya warke, alhali rami ne ya buɗe a kunnensa.

Saboda haka ciwon daga hanci yake hawa. Muddin tantanin yana lafiya, ruwan wanka ko nono ba zai iya wuce shi ya kai tsakiyar kunne ba. Maganar haƙori kuwa, lokacinsu ne ya zo ɗaya: watannin da yaro yake fitar da haƙora su ne watannin da kariyar da ya samo daga jinin uwa take ƙarewa, ya fara rarrafe yana cuɗanya da sauran yara yana kwasar mura.

Ƙwayoyin cuta uku

Ita murar kanta bairas ne yake kawo ta, kuma wani lokaci shi kaɗai ne yake kumbura kunnen. Amma in aka ɗebo mugunyar aka auna, galibi akan samu ɗaya daga cikin bakteriya uku. Sunayensu na likita ne, ba sai kun haddace ba, amma bambancinsu yana da amfani domin a kansa maganar allura ta tsaya.

Ta farko ita ce Streptococcus pneumoniae, wadda ake taƙaitawa da nimokokas. Ita ce mafi haɗari. Ciwon kunnenta ya fi zafi, ya fi zuwa da zazzaɓi mai ƙarfi, ya fi fasa tantani, kuma bai cika warkewa da kansa ba. Yara da yawa suna ɗauke da ita a bayan hanci lafiya lau, suna ba juna ta tari da atishawa da majina a hannu. In ta hau kunne, ciwon kunne. In ta sauka huhu, namoniya. In ta shiga jini ta kai tantanin ƙwaƙwalwa, sanƙarau. Mutanen Gana sun ga aikinta a ƙarshen 2015 da farkon 2016, lokacin da sanƙarau ya ɓarke a tsohon yankin Brong Ahafo, ya faro daga gundumar Tain ya taɓa Wenchi da Techiman. Da aka auna, nimokokas ce, kuma mafi yawan waɗanda suka kamu manya ne da yaran da suka wuce shekara 5, wato waɗanda aka haifa kafin a fara allurarta.

Ta biyu ita ce Haemophilus influenzae. Sunanta yana ruɗa mutane, har da wasu masu ilimi, domin iri biyu ce. Akwai wadda take sanye da ɓawo, ana ce mata Hib, ita ce take kawo sanƙarau da namoniya ga jarirai, kuma allurar Penta tana maganinta. Akwai kuma marar ɓawo, ita ce ta fi shiga kunne, kuma Penta ba ta taɓa ta. Ita ce take yawan kawo ciwon da yake kama kunne biyu lokaci ɗaya, ko wanda yake zuwa tare da kwantsa mai yawa a ido, ko wanda yake tafiya yana dawowa.

Ta uku, Moraxella catarrhalis, ta fi su sauƙi. Sau da yawa jiki yakan kawar da ita da kansa. Ba ta da allura.

In rami ya daɗe a buɗe a tantanin, labari ya canza. Yanzu ƙwayoyin cuta na waje suna iya shiga ta ramin, musamman Pseudomonas da Staphylococcus, waɗanda suke zaune a ruwa mai datti da kan fata. Su ne suke kawo ruwan kunnen nan mai wari da yake ɗaukar watanni, wani har shekaru, ƙuda suna bin yaro. Babu allurar da take kare waɗannan. Hanyar guje musu ita ce kada a bar ciwon farko ya kai ga haka.

Abin da allurar take yi, da inda ta tsaya

Nimokokas tana da nau'i fiye da 90, kowanne da irin ɓawonsa. Allurar da ake kira PCV tana koya wa jikin yaro gane ɓawon nau'o'in da suka fi kisa. Gana ta fara ba da mai nau'i 13 a watan Afrilu na 2012, rana ɗaya da maganin ɗigawa a baki na zawon rota. Penta kuwa tun 2002 take cikin jadawalin ƙasar. Ana yin PCV sau uku a cinya: a sati 6, sati 10 da sati 14, ranar da ake yin Penta. Mali ta fara tata a 2011, Burkina Faso a 2013, Nijar a 2014, Najeriya kuma ta fara da wasu jihohi a ƙarshen 2014. Saboda haka in an taɓa yi wa yaronku allura a gida kafin ku baro, mai yiwuwa ya samu wani ɓangare nata.

Kada wani ya ce muku yaron da aka yi wa PCV ba zai sake ciwon kunne ba. Zai iya yi. A wani babban gwaji da aka yi a ƙasar Finlan, wanda sakamakonsa ya fito a 2001, allurar farko mai nau'i 7 ta rage ciwon kunnen da waɗannan nau'o'in suke kawowa da kashi 57 cikin 100, amma in aka haɗa dukkan ciwon kunne, ragin kashi 6 ne kawai, domin sauran ƙwayoyin suna nan. Wanda ya tsaya a kan kashi 6 zai ce ba ta da amfani. Sai dai wane irin ciwo ta rage? Mai tsananin ne, wanda yake lalata kunne tun yaro yana jariri ya bar shi yana ta kamuwa. A gwajin Kalifoniya ta Amurka, yaran da sai an yi musu aikin saka bututu a kunne saboda ciwon ya ƙi ƙarewa sun ragu da kusan ɗaya cikin biyar. Babban aikinta kuma yana kan namoniya da sanƙarau da cutar jini, waɗanda suke kashe yaro cikin kwana biyu ko su bar shi kurma. Akwai ƙarin riba: yaron da aka yi wa allurar bai cika ɗaukar waɗannan nau'o'in a hanci ba, don haka ƙaninsa ɗan sati biyu da kakarsa da suke kwana ɗaki ɗaya da shi su ma sun samu sauƙi. A ɗakin da mutum takwas ko goma suke kwana, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Allurar ƙyanda ma ta shafi kunne, ko da yake ba a cika faɗa ba. Kusan yaro 1 cikin 10 da ƙyanda ta kama yakan samu ciwon kunne a bayanta, wasu kuma jinsu ba ya dawowa. A Gana ana yin ta a wata 9 tare da ta shawara, a sake a wata 18 tare da ta sanƙarau nau'in A. Ta wata 18 ɗin nan ita aka fi mantawa, domin a lokacin yaro ya fara gudu, uwa kuma ta koma neman abinci ko ta sake ɗaukar ciki.

Masu yaro mai sikila su fi kowa kula. Saifar irin wannan yaro takan daina aiki da wuri, ita kuwa saifa ita ce take tace nimokokas daga jini. A Kumasi aka fara gwajin sikila ga jarirai tun 1995, kuma an samu kusan jariri 1 cikin 50 yana da ita. Asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda mutanen gari suke ce wa Gee, yana da sashen masu sikila. Yaro mai sikila in ya yi zazzaɓi, da ciwon kunne ko babu, ranar za a kai shi asibiti.

In allurar yaro ta katse a hanya

Wannan shi ne halin da gidaje da yawa suke ciki. An yi ta farko a garinku, kafin ta biyu aka tashi. Ko an haifi yaro a hanya ba a yi masa komai ba. Ko an yi duka amma katin ya ƙone ko ya jiƙe.

Ba a sake farawa daga farko. Jiki ba ya manta allurar da aka yi masa, ko wata nawa ya wuce, daga inda aka tsaya ake ɗorawa, da tazarar sati 4 tsakanin ɗaya da ɗaya. In kuna da kati na wata ƙasa, ko da Faransanci aka rubuta shi, ko ya yage, ku zo da shi. In babu, ku zo da yaron. Nas za ta tambaye ku sau nawa aka yi masa, a cinya ko a hannu, ko an ɗiga masa a baki, ta duba tabon da ke kafaɗarsa, sannan ta lissafa abin da ya rage bisa ga shekarunsa ta ba ku sabon littafin lafiyar uwa da yaro. In ba ku tuna ba, ku ce ba ku tuna ba. Maimaita allura ba ya cutar da yaro. Ku ɗauki hoton shafin allurar da waya duk ranar da aka rubuta sabuwa, ku tura wa wani ɗan'uwa ya ajiye, saboda gaba.

Ana yin allurar a wurin awon yara, wanda a nan ake ce wa weyin, a asibitocin gwamnati da cibiyoyin CHPS da wuraren da nas-nas suke kafa teburi a cikin unguwa. Ba a biyan kuɗin allura, kuma ba sai da katin inshorar lafiya ba. Mura ko ɗan tari ko ɗan zawo ba ya hana yin ta. Bayan allura yaro yana iya yin ɗan zazzaɓi da rigima, cinyar ta ɗan kumbura, kwana ɗaya ko biyu. Ku ci gaba da shayarwa, kada a murza wurin ko a shafa masa wani abu. A watan Mayu na kowace shekara Hukumar Lafiya ta Gana tana yin makon lafiyar yara, lokacin da ma'aikata suke shiga unguwanni, amma wanda allurarsa ta riga ta makara bai kamata ya jira Mayu ba.

In ciwon ya riga ya zo

Yaro mai magana zai ce kunnensa yana ciwo. Jariri sai dai ku lura: mura ta kwana biyu ko uku, sai zazzaɓi, kuka ya ƙaru in an kwantar da shi, ya kama nono ya saki da ihu domin tsotso yana ja masa kunnen, ya riƙa kai hannu wurin. Jan kunne shi kaɗai ba tare da zazzaɓi ko kuka ba, sau da yawa wasa ne. A Kumasi zazzaɓin yaro yana iya zama na sauro, saboda haka a asibiti za a gwada jini, amma ku da kanku ku ce a duba kunnen, domin yaro yana iya haɗa biyun.

In an tabbatar, maganin farko yawanci amoksisilin ne na sha, da farasitamol saboda zogi, kuma nauyin yaro ne yake nuna yawan da za a ba shi. Abin da ya sa ragowar maganin yayansa ko kafso da aka saya ƙwaya biyu a kemis ba za su yi ba ke nan. A shanye kwanakin da aka rubuta ko ya warware a rana ta biyu. Yankewa a tsakiya yana barin ƙwayoyin da suka fi taurin kai, su ne za su dawo. In bayan kwana biyu da fara magani zazzaɓi da zogi ba su ragu ba, a koma. Babban yaro mai ɗan ciwo kaɗan, likita yana iya cewa a ba shi maganin zogi kawai a dawo da shi a sake gani, wannan ma daidai ne.

Kunnen da yake ruwa busar da shi ake yi. A samu tsumma mai tsabta mai shan ruwa, ko takardar goge hanci mai ƙwari, a murɗe ta kamar lagwani, a sa a bakin ramin a hankali, in ta jiƙe a cire a sa wata har ta fito a bushe. Sau uku a rana ko fiye. Ba a naɗa auduga a tsinke ko ashana, ba a sa gashin kaza, kuma ba a cushe kunnen da auduga a bar ta ciki. Wajen wanka a kare kunnen daga ruwa, yaron kuma ya bar wasa a rafin Aboabo da ruwan da ya kwanta bayan ambaliya. Man ja, man kaɗanya, ruwan albasa, ruwan ganye, nono, turare: duk abin da aka ɗiga yanzu tsakiyar kunne zai wuce kai tsaye ta ramin. Haka maganin ɗigawa na kanti, domin wasu, irin masu jentamaisin, suna iya lalata jijiyar ji in tantani a huje yake. In ruwan ya kai kwana 14, ya zama daɗaɗɗe, kuma maganinsa daban ne, yawanci na ɗigawa da ma'aikacin lafiya zai zaɓa. Ramin da ya bushe da wuri yakan haɗe da kansa cikin 'yan makonni. Wanda ya ƙi, asibitin gwamnati na Manhyia ko cibiyar da kuka fara zuwa za su ba ku takardar turawa sashen kunne da hanci da maƙogwaro na Komfo Anokye.

Akwai alamun da ba a kwana da su. Kumburi mai zafi a bayan kunne, har kunnen ya turo gaba, yana nufin mugunya ta shiga ƙashi. Sai sanƙarewar wuya, jijjiga, barcin da ba a iya tashin yaro daga shi, amai duk abin da ya sha, ƙin nono gaba ɗaya, maɗiga ta kumbura, numfashi da sauri ko haƙarƙari yana lotsawa, ko gefe ɗaya na fuska ya saki. Jaririn da bai kai wata 2 ba, zazzaɓi kaɗai ko ruwa a kunne ya isa. A ɗauki pragya ko tasi a tafi ko da tsakar dare ne, in babu abin hawa a kira 112.

Bayan an warke, ruwa yana iya zama a bayan tantanin na wasu makonni, yaro ya riƙa ji kamar an toshe masa kunne. Yawanci yakan tafi da kansa. In ya kai wata uku kuna kiransa ta baya ba ya juyowa, ko ya kai shekara 2 ba ya haɗa kalma biyu, ko malaminsa na makaranta yana cewa ba ya saurare, a nemi gwajin ji kafin a ce taurin kai ne. Yaron da yake koyon Hausa a gida, Twi a waje, Turanci a aji da Larabci a makarantar allo yana bukatar kunnensa duka biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 60 cikin 100 na rashin ji a yara abu ne da za a iya hanawa.

A cikin gida

Nono zalla har wata 6 yana rage ciwon kunne sosai, a ci gaba da shi tare da abinci har shekara 2. In dole sai an ba da madara ko koko, a ba shi da kofi ko cokali yana zaune a cinya, ba a kwance da bulumboti a baki ba. Hayaƙi yana kumbura hanyar nan ta bayan hanci kamar yadda mura take yi: na gawayi, na itace, na sigari, na maganin sauro na kunnawa, na shara da ake ƙonawa a bayan gida. Mun san ɗaki ɗaya ne, wani lokaci girki a baranda ake yi da goyo a baya. In akwai wanda zai riƙe yaron har wuta ta kama hayaƙi ya lafa, a ba shi, mai shan sigari kuma ya fita waje. Gidan sauro ya fi na kunnawa. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙura da bushewar iska suna ƙara mura, sai a yawaita goge majina da wanke hannu da sabulu.

Maganin ciwon kunne yana cikin abin da inshorar lafiya ta ƙasa take biya, kuma 'yan gudun hijira da masu neman mafaka suna iya yin rajista. In katin yaro ya ƙare aiki ana sabunta shi ta waya da *929#. Wanda bai taɓa yi ba, ko takardunsa ba su cika ba, ya yi magana da ma'aikatan Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Gana ko na UNHCR su nuna masa hanya. Ranar zuwa weyin a ɗauki duk yaran gidan da ba su kai shekara 5 ba, har da na riƙo, a duba littafin kowa.